Waya Ɗaya, Gida Uku

Rana ta ɗan karkata lokacin da kiran ya shigo ofis. Wuta ce ta ja wani dattijo, ta wurgo shi daga kan tsani, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Sufeto ya saurara yana murza goshi. Irin wannan hatsari ake kiransa, a rubuta a rufe fayil. Sai dai mai kiran bai ajiye waya ba sai da ya ƙara da cewa akwai hannun mutum a ciki.

Sufeto ya ce da Saje ya tayar da mota.

Tun daga bakin layin ƙarar janareta ta tarbe su. Nan ɗaya, can ɗaya, kowanne da irin kukansa, hayaƙi ya tsaya a ƙofofin shaguna. Sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Saje ya ce in aka bar shi a layin nan, kurma za a mayar wa matarsa. Sufeto bai yi dariya ba. Idonsa yana kan jama'ar da suka yi cincirindo a ƙofar wani gida.

Gidaje uku ne a jere. Na tsakiya shi ne na mamacin, tsohon direba, wanda kowa ke kira Baba Mai Mita, don a gidansa kaɗai kamfanin wuta ya kafa mita. Daga nan waya ta fita ta bayan gida ta rabu biyu. Ɗaya ta shiga gidan wata dattijuwa mai sayar da ƙanƙara, ɗaya ta shiga ɗakin wani mai wanki da guga. Shekara da shekaru a haka suke.

A lungun bayan gida abin ya faru. Tsani yana kwance a ƙasa, ga filaya a gefe, ga takalmi ƙafa ɗaya. Sufeto ya ɗaga kai. Wayar da ta nufi ɗakin mai guga an fara datse ta, ba a ƙarasa ba, bakin ya yi baƙi.

Mai gugan da kansa ya zo ya same su a nan. Siririn mutum ne, rigarsa fes, yana ta murza hannu. Ya ce shi ne ya kira ofis, shi ne kuma ya fara ganin Baba a ƙasa.

"Me ya hau yi?"

"Gyara, ranka ya daɗe. Wayar ta ɗan saki."

"Bai kashe wuta ba?"

Mai guga ya girgiza kai. Ya ce Baba ba ya wasa da wannan. Akwai dokar da shi ya kafa wa gidajen uku tun farko. Duk wanda zai taɓa waya sai ya sauke babban makunnin da ke jikin mita, ya rataya hularsa a kai. Wanda ya ga hula, ko zafi zai dafa shi, ba zai ɗaga ba sai mai hula ya dawo ya cire abarsa. Yau ma haka Baba ya yi.

"To wa ya ɗaga?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya ce ba ya son shiga tsakanin uba da 'yarsa, Allah ya sani. Amma yana ɗakinsa ya ji an turo ƙofar gidan Baba, sai kuma ya ji ƙarar makunni, ƙas. Gidan kuwa su biyu ne, daga Baba sai Auta.

Mitar tana jikin bango a tsakar gida, kusa da duron ruwa. Makunnin yana ƙasa, hula tana rataye a kai kamar yadda doka ta ce. Saje ya ɗaga kafaɗa, ya ce to ai ga shi ba wanda ya taɓa.

Sufeto ya zare hular. Tsohuwa ce, ta koɗe. Gefe guda a bushe yake, ɗaya gefen kuwa a jiƙe, da laka. Ya dubi ƙasa. Famfon duron yana ɗiga, ya yi ɗan taɓo tsakanin duro da bango. Hular da ke rataye ba ta kwasar laka.

Auta tana falo a zaune a ƙasa, ta jingina da kujera. Malamar makaranta ce, har lokacin da farin alli a yatsunta. Ba ta kuka. A bakin ƙofa ƙanin mahaifinta ne a tsaye, ya harɗe hannu, ya ƙi kallon inda take.

Da farko ta ce ba ta taɓa komai ba. Ta dawo daga aiki ta shige ɗaki, sai ihu ta ji. Muryarta ba hawa ba sauka, kamar mai karanta darasi.

Sufeto ya tsuguna, ya ajiye hular a gabanta, gefen lakar yana sama.

"Ƙanwata, a ina kika tsinci wannan?"

Ta daɗe tana kallon hular.

Ta ce da ta shigo ta ga makunni a ƙasa, babu komai a kansa. Ta zaci faɗuwa ya yi kamar kullum, don duk sanda mai guga ya jona dutsen guga sai makunnin ya faɗi, ita ce kuma mai ɗagawa. Ta ɗaga ba tare da tunani ba, jaka na rataye a kafaɗarta. Ba ta ƙarasa ɗaki ba ta ji ana kiran sunan Allah a bayan gida. Da ta dawo daga lungu, bayan ta ga abin da ta gani, sai ga hular a bayan duro. Iska ce ta yar da ita, ko kyanwa, ba ta sani ba. Ta sauke makunnin, ta mayar da hular.

"Ni ce," in ji ta. Ta miƙo hannayenta biyu a haɗe. "Ni na kashe Babana. Ku tafi da ni kafin a dawo da shi gida."

Baffan ya ce daga bakin ƙofa, a tafi da ita, shi ba shi da ta cewa. Ya ce ba za ta zauna wajen gawar ba.

Saje ya fita ya kira Oga, shugaban ofishinsu, ya dawo da umarni. Tunda ta amsa da bakinta, a kawo ta, a rubuta bayani, gobe a miƙa fayil. Ya fito da ankwa yana jujjuya ta, shi ma ba ya so.

Sufeto ya dubi ankwar. Komai ya zauna daidai. Ga shaida, ga hula, ga wadda ta amsa. Amma ya sha ganin wanda baƙin ciki ya sa ya ɗauki laifi ya aza wa kansa. Ya san kuma in yarinyar nan ta shiga bayan motarsu a gaban mutanen layin nan, ko kotu ta sake ta, sunan ya bi ta ke nan har kabari. Ya ce da Saje ya mayar da ankwa aljihu, ya zauna da ita. Akwai gida na uku da bai shiga ba.

Inna mai ƙanƙara tana tsakar gidanta, ta buɗe wata ƙatuwar firiza tana kwashe ruwa da kwano tana zubawa a bokiti. Ledoji suna yawo a saman ruwan. Idonta ya yi ja. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce in ƙanƙara ya zo saye ya makara, in kuma aure ya zo nema, ya dawo in an share makoki. Ta yi maganar tana share hawaye da gefen mayafi.

Ta ce ita da Baba sun fi shekara ashirin suna faɗa a kan wuta. Shi ya ce firizarta ce ke cinye mita, ita ta ce fankarsa ce da ba ta barci. Da safe su yi cacar baki, da yamma ta aika masa da ruwan sanyi. Yanzu wa za ta yi faɗa da shi?

"Duk wannan yau ya narke, Inna?"

"Yo ina zai tsaya, ɗan nan? Tun da gari ya waye suka ɗauke, har yanzu ko ƙyalli."

Sufeto ya tsaya cak. Ƙarar janaretocin layi, wadda kunnensa ya riga ya saba da ita, ta dawo masa sabuwa. Tun da ya sauko daga mota take faɗa masa abu ɗaya, bai ji ba.

"Tun safe babu wuta? Ko sau ɗaya ba a kawo ba?"

Ta ɗan yi tunani. Ta ce sau ɗaya dai firizar ta yi gurnani, har ta ce madalla, ta miƙe za ta rufe murfin da kyau. Kafin ta isa ta sake yin shiru. Gurnanin bai fi a sha ruwa a ajiye kofi ba. Bayan nan ne ta ji ƙarar ƙofar Baba, da takun Auta, don takalmin yarinyar ba ya ɓoyuwa.

"Bayan nan, ko kafin nan?"

"Na tsufa, amma ban rikice ba. Bayan nan."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Oga ne. Ya bar ta ta gaji ta yi shiru.

Ya tsallaka titi zuwa shagon wani mai aski, wanda ƙofarsa ke kallon gidajen uku. Mai askin ya nuna masa ƙwan fitilar da ke saman madubi. Ya ce wancan a wutar kamfani yake, a kunne yake barinsa don ya san in an kawo ya kashe injinsa. Yau bai ko motsa ba. Sufeto ya kira ofishin kamfanin wuta a nan tsaye. Suka ce layin gaba ɗaya a kashe yake tun safe, suna aiki a kan babbar waya.

Wato makunnin da Auta ta ɗaga babu komai a bayansa. Da ta ɗaga da ba ta ɗaga ba, duk ɗaya. Wutar da ta kashe dattijon ba ta mita ta biyo ba. Daga cikin gidajen uku ta fito.

Ya tambayi mai askin ko ya san gyaran da Baba ya hau yi. Mutumin ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce wane gyara? Yanke wa mai guga wuta ya hau yi. Jiya da yamma a nan ƙofar suka yi ta, kowa yana ji. Baba ya ce ya gaji da dutsen da ke faɗar da makunni kullum, ya kira shi kaska, ya ce gobe zai cire shi daga jikinsa. Mai guga ya tsaya da kayan mutane a hannu, yara suna dariya.

Sufeto ya dawo ya tsallaka titi da sauri. Wayarsa ta sake ƙara, Oga ne. Wannan karon ya ɗauka, ya ce yana hanya, ya kashe.

Ɗakin mai guga ciki ɗaya ne da ɗan fili a baya. Tebur mai shimfiɗe da bargo, igiya daga bango zuwa bango, riguna a rataye a jere, wasu a ninke sun yi tuli. Ga taga ƙarama, tana kallon lungu. Daga inda teburin yake, mutum yana ganin daidai inda tsani ya jingina.

Mai guga ya jawo masa kujera, ya tambaya ko an tafi da yarinyar. Ya ce abin tausayi, ba da gangan ta yi ba, a sassauta mata.

Sufeto bai zauna ba. Ya shafa rigar da ke saman tulin. Santsi, karin hannu a miƙe kamar wuƙa.

"Aikin yau ne?"

"Na yau ne, ranka ya daɗe. Masu kaya ba sa jira."

"Da me ka goge? An ce babu wuta tun safe."

Mutumin ya nuna ƙarƙashin tebur, ya ce da na gawayi. Sufeto ya sunkuya ya jawo dutsen. Sanyi ƙalau. Ya buɗe murfin. Babu toka, sai tsatsa, da yanar gizo daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ajiye shi a kan tebur a buɗe.

Mai guga ya fara cewa wai na maƙwabci ya ara, ya mayar. Sufeto ya wuce shi ya fita filin baya. Zannuwan gado ne jibge a kusurwa, marasa wanki. Warin fetur ya fi warin dauɗa ƙarfi. Ya yaye na sama, ya yaye na biyu. Ƙaramin janareta ne, sabo, ɗumi bai gama fita daga jikinsa ba. A gefensa waya ce a naɗe, mai kan jonawa a kowane baki, irin wadda ake sa baki ɗaya a inji, ɗaya a soket ɗin bango, wuta ta zagaye ɗaki.

In ta zagaye ɗaki kuwa, ba ta san iyaka ba. Za ta bi wayar da ta saba kawo wuta, ta koma baya, ta fita lungu.

Mai guga ya zauna a kan bokiti. Magana ta fara zubo masa. Ya ce gaskiya ne, da sassafe ya karɓo injin, tunda an ce za a yanke shi. Ya ɓoye ne don kada a ce ya raba. Ya jona, ya manta bai zare fiyus ɗin da ke tsakaninsa da wayar waje ba. Mantuwa ce. Tsautsayi ne. Tsoro ne ya sa ya yi shiru.

Sufeto ya dubi bango. Ga gidan fiyus ɗin a saman ƙofa, babu komai a ciki. Ya miƙa hannu. Bayan ɗan jinkiri mutumin ya zaro fiyus daga aljihun riga ya ba shi.

Sufeto ya so ya yarda. Mantuwa ta fi sauƙin rubutawa, ta fi sauƙin faɗa wa iyali. Amma idonsa ya koma kan tulin rigunan.

"Wannan tulin, aikin safiya guda ne cur."

"Haka ne."

"Duk da injin ka goge su."

"Da shi."

"Da fiyus yana ciki tun safe, da firizar Inna tun safe take aiki, da ƙanƙararta ba ta narke ba. Da Baba ma ya ga fitilar gidansa a kunne, bai hau tsani ba. Amma firizar sau ɗaya ta yi gurnani ta yi shiru." Ya ɗaga fiyus ɗin. "Ka zare shi da safe, don ka san aikinsa. Wa ya mayar da shi na ɗan lokacin nan?"

A waje injinan layi suna ta kuka. Mai guga yana kallon taga.

Da ya yi magana, muryar ta zama ƙarama. Ya ce yana tsaye yana guga ya ga kan tsani ya leƙo. Ya ga Baba ya hau da filaya, yana ɗan waƙe-waƙensa. Waƙar ce ta ƙona shi. Mutum zai raba ka da abincinka yana waƙa. Shekarun da ya yi yana wanke wa dattijon nan kaya ba ya karɓar komai, yana ce masa Baba, ƙarshenta kaska a gaban yara.

"Cewa na yi ta ɗan ja shi. Ya ji zafi, ya saki filayar, ya sauko. Wallahi iyakar niyyata ke nan. Na tura, na zare. Ban san zai riƙe ba."

"Yarinyar fa?"

Ya rufe fuska da hannu. Ya ce yana durƙushe a kan Baba a lungu ya ji ƙarar makunni daga cikin gida. Ya san ita ce. A nan take zuciyarsa ta ce masa ga mafita.

Sufeto ya kira Saje. Ankwar da aka fito da ita ɗazu aka mayar, ita aka sake fitowa da ita. Mai guga ya miƙa hannu bai yi gardama ba. Ya roƙi abu ɗaya, a ce wa masu kaya su zo su kwashi kayansu, an gama.

Kafin a fito da shi, Sufeto ya koma falon. Auta tana inda ya bar ta. Ya tsuguna ya faɗa mata komai a hankali, yana ɗaga murya kaɗan don baffan ya ji. Babu wuta a layin tun safe. Makunnin da ta ɗaga fanko ne. Kafin ta turo ƙofa ma, mahaifinta ya riga ya faɗi.

Baffan ya sauke hannayensa. Ya tako zuwa tsakiyar falo, ya tsaya, ya rasa inda zai sa ido. Ya kira ta da Auta, sau ɗaya, a hankali.

Ba ta dube shi ba. Sufeto take kallo.

"Yallaɓai, da akwai wutar fa?"

Babu wannan a cikin abin da aka koya masa. Ya ɗauki hular ya sa mata a hannu, ya ce ta tashi ta wanke fuska, an kusa kawo mahaifinta, ita ce za ta tarbe shi. Sai a lokacin kukan ya zo mata.

Aka fito da mai guga ta gaban jama'a. Babu wanda ya ɗaga masa hannu. Inna tana bakin ƙofarta da kwano a hannu, ta bi shi da kallo har ya shiga bayan mota, rigarsa fes, ko ƙura babu.

Saje yana tayar da mota ƙwan shagon mai aski ya kama. Injinan layi suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har shiru ya sauka. Sufeto ya duba ta madubi. Tagogi suna haske gida bayan gida, ban da guda uku a jere. Makunnin yana ƙasa, babu hula a kansa, kuma babu wanda ya je kusa da shi.